Tsintsiyar Baba Wali

Zugu,
mako guda bayan Sallar Layya, 2003.

Zuwa ga baiwata Fa'iza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da zafin Sakkwato. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har shina zuwa masallaci ba sanda. Matata Husaina ciki ya fara nauyi, ba ta son warin albasa, ni kuwa da albasa nake kwana da ita nake tashi, sai ta ce in tsaya daga bakin ƙofa in yi maganata. Albasar bana ta yi kai, alhamdu lillahi. In Allah ya sa ta yi kasuwa zan tafi Gummi in ɗauko ɗan injin ban ruwan nan da nake ba ki labari, in huta da jigo.

Takardarki ta zo hannun Haladu direba kafin Salla. Na karanta, na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan ko wata ta maƙale. Tun da kika tafi makarantar ungozoma ba ki taɓa rubuto mini takarda ba zagi a ciki. Ko ki ce rubutuna awa kaza ta bi ta kan toka, ko ki ce marowaci. Kuma kowace shekara tun daga Layya kike fara tuna mini shararki ta ranar cika-ciki, kada in ce na manta. Wagga kuwa Yaya Makau a sama, Yaya Makau a ƙasa. Yaushe na zama yayanki? Kakarki Zinariya ƙanwar kakana ce, daga gidanmu ta fita aure. Ku ɗiyan mace, mu ɗiyan namiji. Babanki bawan Babana, ke baiwata, ku share mu biya, har a busa ƙaho.

Washegarin Salla na tafi Anka na kai wa innarki, Inna Kubura, cinyar rago. Na tarar da Babanki, Baba Wali, gida, ya ce hutu ya zo daga Gusau. To amma na ga katifarsa da akwatin ƙarfe jingine a ɗakin zaure, ni kuwa ban san mai hutu da ke zuwa da katifa ba. Ba fatar rago a katanga, ba ƙaurin suya a gidan. Da ya miƙo hannu munka gaisa, wurin agogo ya yi fari, agogon babu. Inna Kubura ta sa hannu biyu ta karɓi naman, ba ta ce har da wahala ba kamar yadda ta saba. Da zan tafo ya rako ni, ya tambaye ni yadda ake sayar da taki bana, shi da rabonsa da fartanya tun ba a haife ni ba.

Ban tambayi kowa ba, ban faɗa wa kowa ba. Ke nake tambaya. In ba komi, ki zage ni in samu natsuwa.

Ubangidanki,
Makau Dodo.

*

Sakkwato,
24 ga Fabrairu.

Yaya Makau,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin jin ƙafar Baba Dodo ta yi sauƙi. Ka gaishe shi, ka gai da Inna Turai, ka ce wa Husaina ta riƙa shan maganin ƙarin jinin da na aiko, ba ajiya na ba ta ba. Ni lafiyata ƙalau.

Idonka bai yi maka ƙarya ba. Kamfanin gurzar audugar da Baba yake riƙe wa sito ya rage ma'aikata tun kafin azumi, yana cikin waɗanda aka sallama. Bai faɗa mana ba. Ya zauna Gusau yana zagaya neman wani aikin har kuɗin hayar ɗakin suka ƙare. Agogon kuwa ni na cinye shi, da shi aka yi mini kuɗin mota da guzuri da na dawo daga hutu, ban sani ba sai daga baya.

Tallafin karatun da ake ba mu ya fito, sai dai da ma bai taɓa isa ba. Yana rufe wani ɓangare na rajista, Baba ya cika sauran, ya biya ɗakin kwana da kuɗin jarrabawa da kayan aikin asibiti. Bana shekarata ta ƙarshe, kuma ita ta fi kowace tsada. Na je ofis, matar da ke wurin ta saurare ni sosai har ta ba ni kujera, amma ta ce abin da aka yanka wa kowa ke nan, kuma wadda ba ta cika ba zuwa ƙarshen Maris sunanta ba zai shiga jerin masu jarrabawa ba. Ina yi wa 'yan ɗakinmu kitso ranar Lahadi. Yana kawo sabulu da garin kwaki, nan ya tsaya.

A Anka ana ta cewa in dawo in zauna shekara guda har abu ya daidaita. Na ga waɗanda suka koma gida da sunan shekara guda, Makau. Ban ga wadda ta dawo ba.

Ga abin da nake roƙonka. Baba ya tara mu ya ce shi bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma duk wanda ya fitar da maganar gidansa waje bai yafe ba. Ya ambaci Zugu da suna. Ka san tun da ya bi boko ake yi masa ba'a a can cewa komai daɗewa zai dawo wa fartanya. Don Allah kada ka faɗa wa Baba Dodo.

Shara kuwa, kunya na ji. Da ina tambayarka ne don in ji kana rantsuwa ba ka da ko sisi. Bana da na tambaya, da da gaske nake.

Fa'iza Wali.

*

Zugu,
ƙarshen watan Layya.

Baiwata,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Husaina ta ce tana shan maganin, ni kuma na ce ban gani ba. Na ji abin da kika faɗa duka. Bakina alaikum, ba wanda zai ji daga gare ni.

To ai shi ke nan, Allah ya kama ku. Da ma wa ya aiki baiwa boko? Ki naɗe tabarmarki ki tafo, ƙofar gidanmu ta yi dauɗa, kashin awaki har zaure. Babanki ma mun yi masa wuri, ga fartanya nan ta kakansa na wajen uwa tana jiransa a rataye. Cika-ciki ya kusa, kowane bawa ya tanadi tsintsiyarsa.

Ba ni da lokacin dogon rubutu, kekena ya yi faci kuma ina da tafiye-tafiye. Ki ci abinci.

Ubangidanki,
Makau.

*

Sakkwato,
6 ga Maris.

Malam Makau,

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Na samu takardarka. Na karanta ta sau da yawa ina neman inda za ka ce wasa kake yi, ban samu ba. Na san mu taubasai ne, na kuma san ni na roƙi a daina ce mini komai sai zagi tun muna yara. Amma na buɗe maka cikina a kan abin da ban faɗa wa ko ƙawata ba, ka mayar mini da maganar fartanya, wadda ita ce Baba yake tsoro tun daga Gusau. Ashe abin da ake faɗa a Zugu ke nan, kai dai ka fi su ƙarfin halin rubutawa.

Ba komai. Da ma kai kaɗai ka rage wanda bai ce in dawo ba, yanzu bakinku ya zo ɗaya. Zan ƙarasa aikin ɗakin haihuwa da aka sa ni, don kada in bar matan da ba su san hawa ba. Ranar Asabar, 15 ga wata, zan taho Anka. Katifata na riga na sayar wa wata 'yar aji ɗaya, da kuɗin zan yi mota.

Ka gai da Husaina. Ta daina ɗaukar tulu.

Fa'iza.

*

Tashar Gummi,
Juma'a, washegarin cika-ciki.

Fa'iza,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, sauran gaisuwa sai wani jiƙon. A kan bonet ɗin motar Haladu nake wanga rubutu kafin ta cika, in kin ga ya karkace ki yi haƙuri, ko ki zage shi, na fi son haka.

Takardarki yanzun nan ta shigo hannuna. Motar Haladu ta kwana da kwanaki a layin mai, takardar tana cikin aljihun motar tare da goronsa. Na ga wurin da kika ce Asabar za ki taho Anka. Gobe ke nan. Kada ki taka ko'ina.

Laifina ne. Wasan taubasai da fuska ake yinsa, ni kuwa na zuba shi a takarda, fuskar ta tsaya Zugu. Na ƙi faɗa miki abin da nake shiri ne don in Babanki ya tambaye ki ko da saninki, ki iya rantsewa ba ki sani ba. Ban tuna cewa ke kaɗai ce a can da takardar ba.

Ga abin da ya faru. Da na karanta takardarki mai labarin Gusau na yi kwanaki ina juya ta a bakin jigo. Kyauta Baba Wali ba zai karɓa ba, rance ba zai nema ba. Sai na tuna abu guda da ɗan mace bai taɓa mayarwa ba tun da anka yi duniya, don ba alfarma ba ne, haƙƙinsa ne. Na hau keke na je Bukkuyum wurin Baba Lirwanu ƙanen Baba, na zo nan Gummi wurin sauran ɗiyan namiji, gida gida. Ban ambaci Gusau ba, ban ambaci makaranta ba. Abin da na ce kawai, tun da Kaka Zinariya ta rasu ba mu ba gidanta sharar kirki ba sai goro, kuma abin kunya ne a gare mu, bana a yi irin ta da. Wasu sun yi dariya, wasu sun dube ni sun shiga rumbu.

Baba shi na bari na ƙarshe. Ya saurare ni har na gama, sai ya ce, "Kai ma ka ga wurin agogon?" Ashe tun a wata jana'iza a Anka ya gani, ya rasa ta inda zai ɓullo masa. To kin ga ban karya alkawari ba.

Shi ya aika Anka a gaya wa bawansa Wali ƙofar gida ta yi dauɗa, kuma cika-ciki ya zo. Jiya da hantsi sai ga Baba Wali a bayan kabu-kabu, farar riga, hula a karye, fuska ba walwala. Mun shimfiɗa tabarmi ƙofar zaure. Ga wake, ga gyaɗa, ga shinkafa shanshara ta mutanen Gummi, ga akuya da ɗiyanta daga Bukkuyum, ga kajin mata an ɗaure ƙafafu, da sauran tarkace. Ya tsaya ya dube su, ya dube ni. Kallon nan har yanzu ina jinsa a wuya. Ya ce shi ba bara ya zo ba, kuma shina son ya san wanda ya fitar da maganar gidansa.

Baba na kishingiɗe, ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Wace magana? Gidanka har magana gare shi? Ni shara nika biya. Shekara nawa kana Gusau ka bar ni cikin kashin awaki."

Baba Wali ya ce sun girma da wanga wasa, ya juya shina neman takalminsa. Na ce a raina shi ke nan, na tara mutane na kunyata dattijo, na kuma kashe miki karatu da hannuna. Baba Lirwanu ya fara ba shi haƙuri, wanda shi ne ya ƙara ɓata abin, don haƙuri mabuƙaci ake ba. Sai Baba ya ɗaga murya ya ce wa Inna ta miƙo tsintsiya. Ba ta fito ba, ta katanga ta jefo ta, ta faɗi daidai gaban takalmin.

Baba ya ce, "Ni ban ba bawa kyauta, Wali. In kana so, duƙa ka share. In ba ka so, bar su nan tumaki su ci, ni dai ba su komawa rumbuna. Zinariya da tana da rai, da har tabarmar ta naɗe."

 Baba Wali ya daɗe a tsaye shina duban tsintsiyar. Can ya tattare hannuwan rigar ya aza kafaɗa, ya duƙa ya ɗauka, ya bubbuga gindinta a tafin hannu yadda mata ke yi. Ya fara daga bakin zaure, a natse, awa mai aikin ofis. Ya tara ƙasa da kashin awaki wuri guda, ya tura su gaba gaba har ya juye su duka a kan ƙafar Baba, mai ciwon. Baba ya zabura shina salati shina neman sanda. Fa'iza, mutane har da masu faɗuwa. Inna tana bayan katanga ban san ko dariya take ko kuka ba.

Da Baba Wali ya miƙe ya ce dauɗar gidan ga ta fi ƙarfin wanga lada, ya sa hannu ya cire hular Baba sabuwa ta Salla ya ɗora bisa tasa. Haka ya ci tuwon cika-ciki, da hula biyu.

Yau da safe munka kawo kayan kasuwa, sun shige, ban da akuyar da ya ce a kai wa Inna Kubura. Shi ya tsaya kan awo da kansa, ba wanda ya isa ya danne mudu a gabansa. Na nuna masa wurin Asabar kawai a takardarki, na rufe sauran da hannu. Ya ce shi zai zo. Ga shi can gidan gaba ya kama wuri, shina yi wa Haladu faɗa a tashi ko mota ba ta cika ba. Shi zai miƙa miki wagga takarda. Allah ya sa ya tarar da ke.

Ban san ko abin zai kai ki har ƙarshe ba, amma na jarrabawa ya samu.

Makau.

*

Sakkwato,
19 ga Maris.

Zuwa ga marowacin Zugu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da jigonka. Rubutun kan bonet na gani. Da kaza ce, wannan karon agwagwa ce.

Motar Haladu ta mutu a hanya, a wani ƙauye suka kwana. Ni kuwa Asabar tun da safe na ɗaure jakar bakko, na yi sallama da 'yan ɗaki, na fito bakin ƙofar makaranta. Masu kabu-kabu suna ta tsayawa ina cewa su wuce. Na zauna a kan jakar na kasa tashi, ina cewa na gaba zan hau. Har aka kira azahar ina nan. Maigadi ya gaji da tambayata ya kawo mini ruwa. Sai na hango wani dattijo tafe a ƙasa, riga duk baƙin mai don ya taya tura mota, da wani dogon abu naɗe a jarida a hammatarsa. Sai da ya matso na gane Baba ne, don ban san hular ba.

 Ya ɗauki jakar da kansa ya nufi ciki, ya ce wa maigadi ya samu sabon aiki a Zugu, albashi shekara shekara. A ƙarƙashin dalbejiya ya ba ni labarin, yana yi yana kwaikwayon yadda Baba Dodo ya zabura. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi. Sannan ya ba ni takardarka. Na karanta a gabansa, na kai wurin da ka ce fuskar ta tsaya Zugu, na kasa ci gaba sai da na shiga ɗaki. Ka yafe mini Malam Makau ɗin nan da na rubuta. Shi ne zagi mafi muni da na taɓa yi maka.

Ranar Litinin muka je ofis tare. Matar nan ta sake ba ni kujera, wannan karon Baba ya zauna. Sunana ya shiga. Abinci na watannin da suka rage sai dai kitso ya ɗauka, kuma 'yar aji ɗayan ta ƙi mayar mini da katifa, ina kan tabarma. Ban damu ba. Baba ya ce da damina zai karɓi gonar da Baba Dodo ya yi masa tayi, amma a rubuta a aje, aro ne daga wurin azzalumin ubangida.

Akwai abin da ba ka sa a lissafin kayan tabarma ba. Wake, gyaɗa, kaji, da sauran tarkace, in ji ka. Baba shi ya tsaya kan awo, ya ce tarkacen nan buhunan albasa ne, kuma su suka fi komai nauyi a kuɗin. Ya ce ya ga ka bi ta gaban shagon masu injin ban ruwa a Gummi ka kau da kai kamar ka ga suruki. Ba zan ce na gode ba, ba a gode wa shara. Na dai sani.

Ka gaya wa Husaina in lissafina daidai ne ina gama jarrabawa tana shiga watanta. Kada ta kuskura ta riga ni, ni zan karɓa, kai kuma ka tsaya daga bakin ƙofa da warin albasarka.

Tsintsiyar Baba ya bar mini ita. Ya ce kayan aikin gidanmu ne, in riƙe da kyau. Na rataye ta a kan gadona, 'yan ɗaki suna tambaya ina cewa ba za su gane ba. Ka fara tanadin sharar baɗi tun yanzu, katifa nake so, mai kauri.

Ka gai da Inna Turai, ka ce hannunta da saiti. Baba Dodo kuma ka ce masa hularsa ta zo Sakkwato lafiya, ta shiga ofis, ta koma Anka a kan bawansa.

Baiwarka da ba ta shara sai an biya,
Fa'iza.